Kafireton Gwaggo

Auta ya ba hamsin baya, gemunsa ya yi furfura, har da jikoki biyu, amma a gidansu har gobe Auta ne, kuma maganarsa ba ta tsallake ta Yaya. To, Yaya ya yanke hukunci a kan Gwaggo.

Gwaggo tsohuwar taraktar mahaifinsu ce, irin mai shan fetur ɗin nan da yanzu ko a hoto sai an tona. Shekara arba'in da ɗoriya Baba yana huɗa da ita. Tun da ya rasu take zaune a rumfar bayan gida, kaji suna ƙwai a kan kujerarta.

"Rumfar nan nake so, taki zan zuba," in ji Yaya. "Na yi magana da ɗan gwangwan, ran Asabar zai zo da motarsa."

"Haba Yaya, Gwaggo ce fa! A sikeli za a auna ta?"

"To, ta tashi mana. In ta je ƙarshen gona ta dawo da ƙafarta, na bar maka ita. In ta mutu a hanya, daga nan zai kwashe ta, ya ma huta."

Auta tela ne, iliminsa na inji bai wuce keken ɗinki ba. Sai dai a kan cinyar Baba ya fara riƙe sitiyarin nan, kuma da ya tuna za a sa wa Gwaggo guduma sai ya ji zuciyarsa ta ƙi. Ya rufe shago, ya aro sifanu, ya kori kaji.

Ya sa sabon batir. Ya kankare fulogai, ya tsiyaye tsohon mai, ya wanke tanki ya cika shi. Kuma da yake tela ba ya barin zare yana reto, duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya ɗaure shi tam, tun daga notin taya har murfin tanki. Ya murza makulli. Gwaggo ta yi tari, ta yi atishawa, ta ɗauka! Auta ya fito da ita yana washe baki, yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ko bakin gona bai kai ba ta fara shaƙewa, ta yi jijjiga, ta yi shiru.

Ya sauko ya buɗe tanki, mai cike. Ya mayar da murfi ya ɗaure, ya murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Can gaba kaɗan ta sake mutuwa. Haka suka wuni, shi da ita, kamar mai jan akuyar da ba ta son kasuwa.

Da Auta ya kai kuka wajen bakaniken bakin titi, mutumin ko sifanar hannunsa bai ajiye ba ya ce, "Kafireto ne. Mai ba ya isa inji."

Auta ya kwance kafireto, ya baje shi a kan tsumma. Ya jera ƙananan sukurori a faranti yadda yake jera maɓallai, ya wanke komai da fetur, ya hura kowace kafa har kansa ya yi juwa. Ya mayar. Jiya i yau. Ran Alhamis ya karaɗe layin masu tsofaffin kayan inji rumfa rumfa, har wani dattijo ya zaro masa irin kafireton daga ƙasan tebur, naɗe a jarida. Ran Juma'a ya ɗaura shi, ya yanka sabon gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana yoyo, da almakashinsa na ɗinki, ya jefa tsohon kafireton a bokiti ya ce, "Kai ne munafukin."

Asabar da hantsi Yaya ya kafa kujera a bakin gona. Gwaggo ta fita da sabon kafireto tana ruri. Daidai tsakiyar gona ta shaƙe, ta tsaya cik. A lokacin ne kuma motar ɗan gwangwan ta kunno kai. Auta ya kifa goshi a kan sitiyari, ko saukowa ya kasa yi, ya ji kamar yau ne aka fita da Baba.

"Kai Auta! Ka gaishe ta kuwa?"

Inna ce, mahaifiyarsu, ta ratso kunyoyi tana dogara sanda.

"Inna, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ke maka wasa? Me Babanku yake yi kullum kafin ya hau?"

Wannan kam kowa a gidan ya sani. Baba yakan dafa tanki sau biyu, ya ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" sannan ya kama murfin ya ɗan murɗa. Suna yara sukan laɓe a bayan rumfa suna kwaikwayonsa suna dariya.

"Sassauta shi yake yi, rabin murɗi," in ji Inna. "Akwai wata 'yar huda a murfin da iska ke shiga. Shekarar da na yaye ka ya yi mata fenti, fenti ya toshe hudar. In iska ba ta shiga ba, mai ba ya sauka. Kai kuma ka zo ka shaƙe ta kamar wuyan riga."

"Inna! Kwana shida ina fama, kina kallona?"

"Wa ya tambaye ni? Ka tafi wajen bakanike, ni da na shekara arba'in ina kai masa ruwa gindinta."

Yaya, wanda ya biyo bayanta, ya ce, "To me ya hana shi hudawa?"

"Kullum sai ya ce gobe."

Auta ya sauko. Ya dafa tanki sau biyu, ya ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" Ya murɗa murfin baya kaɗan, sai suka ji ta ja iska, fuuu. Ya hau ya murza makulli. Ta je ƙarshen gona, ta zagayo, ta dawo, ko tari ba ta yi ba. Don neman magana ma sai da ya ƙara zagaye ɗaya ta gaban ɗan gwangwan, wanda ya juya motarsa ba ko sallama.

Yaya ya yi gyaran murya ya ce taki ma ai zai zauna a zaure. Ya leƙa bokitin da tsohon kafireto yake ya ce, "Wannan bawan Allah kuma sai ka nemi gafararsa." Sannan ya nuna murfin tanki. "Ba ka rabo da allura. Huda mana shi yanzu, kowa ya huta."

Auta ya zaro allura daga gefen hularsa. Ya dubi murfin, inda yatsun Baba suka cinye fentin har ƙarfe ya fito yana sheƙi. Ya dubi Inna. Sai ya mayar da allurar inda take.

"Gobe," ya ce.

Inna ta yi dariya har sandarta ta faɗi, ta kama bakin mayafi tana share ido.