Hancin Murdo

Da hancinsa mijina Murdo ya ciyar da mu. Aikinsa a kamfanin giyar wiski na tsibirinmu shi ne ya bi ganguna a sito yana shinshinawa, ya ce wannan ta nuna, wannan a bar ta ta ƙara shekaru, waccan kuwa icen ganga ya riga ya cinye ta. Tun ina amarya ya raba ni da turare, ya hana ni suyar albasa da safe. Na yi mita har na gaji na bari, don na san hancin nan ne rufin asirinmu.

Sai ga wata mura a hunturun bara. Ta yi kwanakinta ta tafi, ta tafi da hancin. Bai faɗa mini ba, namiji ne. Ni na gane da kaina ranar da karenmu ya yi birgima a kan mushen tunkiya ya dawo gida, Murdo ya ɗora shi a cinya yana shafa masa kai, ni kuwa ina bakin ƙofa ina toshe hanci saboda ɗoyi. Na ja shi zuwa wurin likita a Glasgow. Likitan ya ce na wasu yakan dawo, na wasu ba ya dawowa, kuma a shekarun Murdo kada mu sa rai sosai.

A wurin aiki ya ci gaba da lallaɓawa. Ya san kowace ganga da mazauninta, sai ya kai kofi hanci, ya lumshe ido, ya maimaita abin da ya faɗa bara. Ya san ranar da aka gane, agogon bango za a ba shi da tafi, a raka shi bakin ƙofa. Kullum ya dawo ba ya iya cin abinci, ni ma tsoron ya hana ni sakewa.

Abin da ya fi damunsa zuwan Fintan ne. Fintan amininsa ne, aikinsu ɗaya, amma shi a wani kamfani a Ireland, can ƙetaren ruwa. Duk bazara yakan shigo jirgin ruwa da kwalbar tsohon wiski a cikin jaka, Murdo ma ya fito da tasa. Ni nake zubawa a shuɗɗan kofuna don kada launi ya ba da amsa, su kuma su faɗi wanne ne na wa. Wasan yara ne a wurinsu, don namu hayaƙi ne da gishirin teku, nasu kuwa laushi da zaƙi. Musun ne abin. Fintan ya ce shan namu kamar lasar ƙonannen kwalekwale ne, Murdo ya ce nasu a ajiye wa yaran da ake yayewa. Ko ɗaya ya faɗi daidai sai ɗayan ya ƙaryata shi, ya ce sa'a ce, ko ni na yi masa ishara. Tun gashinsu na baƙi ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ka yi gaskiya ba.

Ni na kawo shawara: zan ajiye namu a gefen da kwanon gishiri yake. Ya karɓa kansa a ƙasa. Amma da safen ranar da Fintan zai iso ya faɗo kicin daga lambu, baki har kunne.

"Effie, ya dawo. Ina jin hayaƙi."

Na leƙa ta taga. Bazara ce, ba gidan da ya hura wuta. Na bar shi da murnarsa, don rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin murar. Ya ce in ɗauke gishirin nan daga tebur, yau da ƙafarsa zai tsaya. Na ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya ce ba da ni za a yi rawar ba.

Fintan ya iso da rana, ya ci kifi da dankali yana yi wa girkina tsiya kamar yadda ya saba. Da aka share tebur na juya musu baya na zuba. Na ajiye kofuna biyu a gaban kowa, da butar ruwa a tsakiya.

Murdo ya ɗiga ruwa a kofin farko, ya juya shi, ya kai hanci. Ya daɗe. Sannan ya dubi Fintan yana murmushi, ya ce wannan ko matacce ya san namu ne: hayaƙi, igiyar jirgi, tsohuwar ganga da ta kwana kusa da teku. Ya yi ta zuba bayani, muryarsa irin ta da.

Na Fintan ne. Ko ɗigon hayaƙi babu a cikinsa.

Fintan ya shinshina nasa kofin, ya ɗago ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ka yi gaskiya, mutumina. Naku ne. Bana ka ci ni."

Na tabbata da kyakkyawar zuciya ya faɗa, ni kuwa ji na yi kamar in kwaɗa masa faranti a ka. Da ya yi dariya, da ya kira shi tsohon banza mai toshasshen hanci, wataƙila Murdo ya mayar da shi wasa. Murmushin ya bar fuskar mijina. Ya zuba wa Fintan ido, yana jiran musun da bai zo ba.

"Yaushe ka fara yarda da ni?"

Fintan ya fara kame-kame, wai tsufa ne, wai ya gaji da gardama. Murdo bai saurare shi ba. Ya ɗauki kofi na biyu ya shinshina. Ya jawo butar ruwa ya sa hanci a bakinta. Ya kama gefen mayafin tebur, wanda na wanke jiya, ya kai fuska.

"Duk hayaƙi ne," ya ce. "Har ruwan."

Fintan ya ce akwai wani likita a Dublin, maganar ta mutu a bakinsa. Na so in taɓa kafaɗar Murdo, na kasa, don na san tausayi ne abin da ba zai iya haɗiyewa ba a gaban mutumin nan.

Murdo ya ce in gaya wa manajan kamfaninsu ranar Litinin yana son ganinsa. Sannan ya ɗauki kofin wiskin Fintan ya juye a cikin kofin namu, wiski biyu da kowanne ya girmi 'yarmu, ya kaɗa su wuri ɗaya, ya shanye a tashi guda kamar mai shan magani. Ya miƙo mini kofin, ya ce in ƙara masa, ko daga wacce kwalba.