Ambato Ɗari Uku

"Ɗari uku!" in ji mijinta, ya ɗaga wayarsa sama kamar wanda aka miƙa wa kofi. "Jama'a masu sauraro, ta yanke na farko, ta yanke na biyu, ga ta ga raga..."

"Baban yara, ruwan shayi na tafasa yana zuba, kai kana nan kana tara mana maƙwabta."

"Ya zuba mana. Zo ki gani da idonki, Dakta. Kin haye ɗari uku."

Shi aikinsa sharhin ƙwallo a gidan rediyo, ita kuwa binciken magungunan sankara take yi a jami'a. Bai taɓa karanta maƙalarta ko ɗaya har ƙarshe ba. Ya gwada sau ɗaya suna amarci, barci ya kwashe shi a shafi na biyu, ta same shi da takardar a kan fuska. Amma tun ranar da ta nuna masa shafin intanet ɗin nan da ke ƙirga sau nawa masu bincike na duniya suka ambaci aikin mutum a cikin nasu, sai ya samu abin da ya gane. Ai teburin gasa ne, in ji shi. Kullum da safe, kafin ya duba wanda ya ci wasan jiya, nata yake fara dubawa. Takan yi masa tsiya a kai, amma can cikin ranta ta san duk littattafan soyayyar da ta karanta tana budurwa babu inda aka so mace irin wannan son.

"Wacce maƙalar ce ta tashi haka?" ta tambaya tana sauke butar.

"Tsohuwar nan taki. Ta ɓawon bishiya."

Ta tsaya da butar a hannu. Wannan maƙalar ita ce 'yar farinta. A cikinta ta nuna cewa wani sinadari da ta tace daga ɓawon bishiya yana kashe ƙwayoyin sankarar mama a cikin farantin gwaji. Shekara da shekaru tana tafiyar kunkuru, yau ambato ɗaya, sai bayan wata biyu wani. A 'yan watannin nan ne ta kama gudu, ita kuma aikin koyarwa da duba jarrabawa ya sha kanta, a bakinsa kawai take jin labari.

"Sau biyu kwamitin ƙarin girma na mayar da ke, wai ba a ambaton aikinki," ya ce yana yanka burodi kamar da shi yake faɗan. "To ƙarshen watan nan su zauna mu gani. Na ma gaya wa Hajiyata ta fara koyon ce miki Farfesa."

"Ka gaya wa Hajiya? Kai dai bakinka ba ya riƙe ruwa."

"Da bakin nake ciyar da ke."

Ta yi dariya, ta gyara masa wuyan riga, ta fita.

Ofishinta ƙarami ne, taga ɗaya, fanka mai ƙara, da tulin takardun ɗalibai da suka mamaye kujerar baƙi. Ta kunna kwamfuta da niyyar ta ji daɗinta ita kaɗai, ta ga su wane ne ke kiran sunanta a duniya. Ta buɗe ta farko cikin maƙalun da suka ambace ta. Wata mata ce mai bincike a wata ƙasa mai nisa, ita da ɗalibanta. Ta bi layi-layi da yatsa har ta iso inda aka ambace ta.

Sun maimaita gwajin yadda ta bayyana shi, in ji su, sun shafe shekaru a kai, sinadarin bai kashe ƙwayoyin sankarar mama ba. Suna zargin ƙwayoyin da aka yi gwajin farko a kansu ba na mama ba ne, wasu ne masu saurin yaɗuwa suka faɗa cikin farantin suka cinye na ainihi, kamar yadda ya sha faruwa a ɗakunan bincike da dama. Babu mai raba gardamar, in ji matar, sai an gwada ainihin ƙwayoyin da aka yi aikin da su.

Ta buɗe ta biyu. Ta buɗe ta uku. Duk bakinsu ɗaya. Wasu ma misali suke bayarwa da ita, na irin sakamakon da ya kamata a yi hattara da shi. Na'urar ƙirga kuwa ba ruwanta, wanda ya yabe ka da wanda ya ƙaryata ka duk ɗaya take rubuta maka.

Ta jingina da kujera, fankar na ta ƙara a kanta. Ta tuna ranar da ta leƙa madubin bincike ta ga ƙwayoyin sun ƙanƙance sun saki farantin suna yawo a matacce. Ranar ta zauna a ƙasa cikin farar rigarta ta yi kuka, don ciwon nan shi ya ɗauke mahaifiyarta tana aji biyu a jami'a. Ƙwayoyin kyauta aka ba ta a inda ta yi karatu, da suna rubuce a jikin kwalba, kuma a wancan zamanin ba wanda ke tambayar kwalba ko gaskiya ta faɗa.

Ta tafi wurin shugaban sashe, dattijon da ya koyar da ita tun tana ɗaliba. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Na gani tun watan jiya, 'yata."

"Ka gani, ranka ya daɗe? Ba ka ce min komai ba?"

"In ce miki me? Zargi ne. Ƙwayoyin suna hannunki, ba wanda ya gwada su. Kwamitin nan ni na san su, ba karatu suke yi ba, ƙirga suke yi. Da ƙirgar suka kayar da ke sau biyu ba su buɗe shafi ɗaya na aikinki ba. To yau ƙirgar ta juyo wajenki, sai ki ce ba kya so?"

"Amma in matar nan ta yi gaskiya fa?"

"In ta yi gaskiya, gaskiyar ba za ta ruɓe kafin wata mai zuwa ba. Ki karɓi kujerarki tukuna, daga baya ki aika mata da duk abin da take so. Sashen nan bai taɓa samun mace farfesa ba, kuma ni badi zan ajiye aiki. Ki bar ni in gani da idona."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ya tsaya mata lokacin da take goyo ana cewa a ba wani gurbinta. Wannan ya sa maganarsa ta fi yi mata nauyi.

Daga nan ba ta koma ofis ba. Ta sauka ƙasa, ɗakin da ake ajiyar ƙwayoyi. Ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe tulun ƙarfen, farin hayaƙin sanyi ya malalo ya zuba a ƙafafunta. Ta jawo ƙaramin akwatin da ke can ƙasa. Kwalabe biyu suka rage, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba, da rubutun hannunta na ƙuruciya a jiki, harafin nan mai lanƙwasa da ta daina yi. Ta mayar da su da sauri kada su ji ɗumi, amma ta kasa barin ɗakin.

Nan mijinta ya same ta bayan ya gama shirinsa na rana, riƙe da kwalin kek.

"An ce kina nan ƙasa. Wannan wane irin wuri ne, kamar cikin firij? Dakta, lafiya? Wa ya taɓa min ke?"

Ta gaya masa. Ta fara da yaren aikinta, ta ga ya yi zuru, sai ta sauko.

"Ƙwallayen da kake ta murna da su, a ragarmu ake zura su, Baban yara. Allon ne kawai ke rubuta mana."

Ya ajiye kwalin a kan tebur a hankali.

"Wace ce matar? Hassada ce kawai. Ki ba ni sunanta."

"Ka yi mata me, sharhi? Ba ta zage ni ba. Aikinta mai tsafta ne, na karanta sau biyu ina neman inda ta yi kuskure ban samu ba."

"To ke me kike gani? Ƙwayoyin naki na gaske ne ko kuwa?"

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Kuma ba mu da na'urar da za ta faɗa. Ita tana da ita."

"In ta gwada ya zama ita ce da gaskiya?"

"A janye maƙalar. Ɗari ukun su bi ta. In koma inda na fito."

Ya matso, ya rage murya duk da ba kowa a ɗakin.

"In kika yi shiru zuwa ƙarshen wata, akwai mai kama ki?"

"Babu."

"To ki yi shiru mana." Ya kama hannunta, safar da komai. "Ni ba ruwana da ƙwaya. Ni na san matar da ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada yara su ji kukanta, sau biyu, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa kamar soko ban san abin da zan ce ba. Ba na son in sake tsayuwar nan."

Ba ta taɓa sanin ya ji ba. Ta dube shi, mutumin da ke cika gari da ihu a rediyo, idonsa ya kawo ruwa. Ta ji zuciyarta ta karkata gaba ɗaya zuwa gare shi, har ta kusa cewa to. Wata ɗaya ne fa. Wa zai mutu?

Sai dai ta san yadda aikin yake. A wani wuri yanzu haka akwai wata ɗaliba da aka miƙa wa maƙalarta aka ce ta gina digirinta a kai. Tana can tana zuba sinadari a faranti, ƙwayoyin sun ƙi mutuwa, tana zargin hannunta, tana zaton ita ce ba ta iya ba. Ita ma ta taɓa zama wannan yarinyar. Kuma in aka kira ta Farfesa a kan abin da take tsoron a gwada, kowace safiya da zai ɗaga wayar nan yana murna, ita kaɗai za ta san abin da yake ƙirgawa.

"Za ka iya tsayuwar nan sau ɗaya kuma?" ta ce. "Amma wannan karon ka ƙwanƙwasa. Zan buɗe."

Ya share ido da bayan hannu, ya ja hanci.

"Hajiya za ta cinye ni ɗanye. Ta riga ta gaya wa 'yan unguwa."

"Kai ka jawo."

"Kek ɗin fa? Har rubutu na sa aka yi a kai."

"Yara ba sa karanta kek, ci suke yi."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba. Ta saki hannunsa, ta juya ta sake buɗe tulun, hayaƙin ya taso tsakaninsu.

"Miƙo min akwatin ƙanƙarar can da ke bayanka," ta ce. "Kwalba ɗaya zan aika wa matar nan yau ɗin nan, ta gwada ta faɗa wa duniya abin da ta gani. Daga nan kuma ka raka ni sama, zan gaya wa shugaban sashe ya cire sunana daga zaman watan nan har sai amsa ta dawo."