Allon Tsakiyar Tarago

Sunana Dasuki. Na tuƙa taram, jirgin lantarkin da ke bin tsakiyar titi a birnin Iskandariyya, har kaina ya yi fari.

Akwai wani tsohon koren tarago da aka yasar a gareji, tattabaru suka mai da shi gida. Da aka ce za a gyara shi, na ji daɗi. Da aka ce ni zan tuƙa shi ranar buɗewa, na kai tsohuwar rigar aikina wurin mai guga. Ban roƙi Allah wani abin duniya ba bayan wannan.

Injiniya Nirmin ce shugabar aikin. Yarinya ce mai ladabi, kuma ta san abin da take yi. Ana gobe buɗewa ta kira ni in gani. Na tafi da Shahhat, tsohon kwandastana.

Fenti ya yi. Tagulla tana ƙyalli. Na taka ƙararrawa, muryarta tana nan yadda na san ta. Sai na waiwaya. An kafa allon katako mai gilashi, ya raba taragon biyu. Gaba kujerun fata, baya benci.

Na ce, "Wa ya sa wannan?"

Nirmin, da ke kirana Usta don girmamawa, ta ce, "Mu ne, Usta. Haka aka ƙera shi tun farko."

"Cire shi."

Shahhat ya yi dariya. "Tsoho ya fara. Ba ka ci wakenka da safe ba ne?"

"Rufe mini baki, mai yagar tikiti."

Na juya ga yarinyar na gaya mata. Uwata kifi take sayarwa a unguwar Anfushi. Wata rana ina ƙarami muka shiga wannan taragon, ƙafarta a kumbure, benci ya cika. Ta tsallake allon ta zauna a gaba, kuɗin wurin a hannunta. Mai duba tikiti ya ja mayafinta, ya ce ƙarni take yi, ya sauke mu a tsakiyar hanya. Masu kujerun fata suka kalli taga. Da na girma na shiga aiki, mu ma'aikata muka tumɓuke allon da hannunmu. Katakonsa muka dafa shayi da shi.

Ta dubi allon. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta, Usta. Amma in na cire shi, jikokinka za su ɗauka ba a taɓa yin haka a garin nan ba. Gobe kowa zai zauna inda ya ga dama."

"Gobe kenan. Jibi wani zai ce gaba ta baƙi masu ɗaukar hoto ce."

"Ba a gabana ba."

"Ke dawwama za ki yi? 'Yata, kai shi gidan tarihi, ki rataye shi a bango. Ni ba zan tuƙa jirgi da wannan abu a bayan ƙeyata ba."

"Usta, kai kowa yake jira gobe. Amma ba zan cire ba. Ba zan wanke wa taragon nan laifinsa ba."

"To nemi direba."

Na sauko. Shahhat ya biyo ni yana haki.

"Wallahi jaki ya fi ka sauƙin kai! Kullum kana damuna da zancen wannan rana, yanzu ka zubar da ita saboda katako?"

"Ba uwarka aka ja ba."



Washegari ban sa rigar ba. Na zauna a shagon shayi na kusa da tasha, na ba titi baya. Na ji ganga, na ji guɗa. Na ji ƙararrawa tana tahowa. Direban da suka samo ya ja birki da ƙarfi, ƙarfe ya yi ƙara har cikin haƙorana. Hannuna ya motsa shi kaɗai a kan tebur, yana neman birki. Na danne shi.

Shahhat ya shigo da gudu, fure a wuyansa.

"Taso, don Allah. Nirmin ta ce za su jira. Wancan bai iya komai ba, zai kashe mana tarago."

"Allon yana nan?"

"Yana nan."

Na ɗaga wa mai shayi hannu. "Ƙaro mini. Kada ka sa sukari."