Mangwaron da Iska Ta Kayar

Alhaji Kalilu dillalin shanu ne a Daura, kuma babu daɗin da bai taɓa ba. Ɗakinsa da na'urar sanyi, firjinsa ba ya rabo da fura, mai balangu ya san ƙofar gidansa. Amma a 'yan shekarun nan duk abin da ya sa a baki sai ya ji kamar dusa. Matarsa Laraba ta ce ciwo ne. Likita ya duba bai ga komai ba.

Da faɗuwar damina iska ta kayar da mangwaron da mahaifinsu ya dasa a lambunsu na Dutsi. Babu irinsa a yankin. Wansa Hamma, mai kula da lambun, ya aika masa ya zo yau, ba gobe ba. Itacen na kwance, saiwa a sama. In ba a yanki rassansa an aura wa ƙananan dashe kafin su bushe ba, irin ya tafi ke nan. Hamma ya iya aikin, sai dai tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa.

Da Kalilu ya iso lambun ya ce zai ɗauko ma'aikata. Hamma ya miƙa masa aska.

"Itacen ubanka ne. Tuɓe rigar."

Ya tuɓe ya durƙusa. A feƙe gindin reshe, a tsaga kan dashe, a cusa har ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda. Na farko ya ɓata. A na biyu ya yanke yatsa. Hamma na shafa aikin yana cewa hannun dillali ke nan, ya saba karɓa, bai saba yi ba. Gwiwa ta yi tsami, gumi na shiga ido. Babu daɗi ko kaɗan.

Can sai wani abu ya sauko masa wanda bai san sunansa ba. Duniya ta tsuke ta koma bakin askar nan da ɗanyen itacen. Ya daina jin gwiwarsa. Waya ta yi ta ƙara a aljihun rigar da ya rataye, bai ji ba. Askar na tafiya kamar ta san hanya. Da ya ɗago ana kiran azahar, shi kuwa a zatonsa hantsi ne. Ya sha ruwan randa, ya tsaya yana kallon moɗar. Rabonsa da jin ɗanɗanon ruwa tun yana kiwon awaki.

Hamma ya gargaɗe shi kada a taɓa ledar sai reshen ya yi toho da kansa. Amma Kalilu bai taɓa sayen bijimi ba sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, Hamma na masallaci, ya bi dashen yana kwancewa yana leƙawa. Ya kai hannu kan na ƙarshe ke nan sandar Hamma ta sauka a bayan hannun.

Waɗanda ya buɗe iska ta shige su, duk suka bushe. Uwar itacen ma ta riga ta zama itacen girki. Saura dashe ɗaya.

Ya bar zuwa kasuwar Mai'adua. Kullum da safe sai ya zo ya tsuguna gaban dashen nan, hannuwa a baya, kamar mai gaida sarki.

Ranar nan ya tarar da ɗan toho ja-ja a kan reshen, ganye biyu kamar kunnen ɓera, raɓa na kansu. Itacen da ya mutu, ga shi yana numfashi a jikin wani. Ya yi tasbihi a hankali.

Hamma ya zo ya sunkuya ya ce reshen ya kama. Ya ƙara da cewa sai an yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya, mai yiwuwa a cikinsu su biyun babu mai sha.

"Na sani, Yaya," in ji Kalilu. "Akwai sauran dashe?"

Ya miƙa hannu a ba shi askar.