Murhun da Ya So Ya Tona Mini Asiri

Wata goma sha ɗaya ina zaman kashe wando, har kujerar ƙofar gidanmu ta san ni da suna. Sai kawuna ya samo mini gwajin aiki a wani gidan abinci a hawa na biyu, inda aka hana gas saboda gobara. Da Hajiya mai wurin ta tambaye ni ko na iya murhun lantarki, irin mai gilashin nan da ba a ganin wuta, na ce mata a kansa aka yanke mini cibiya. Ban taɓa ko taɓa shi ba.

Ta ce in soya mata ƙwai da albasa, za ta dawo nan da minti goma sha biyar. In ya yi, gobe in fara aiki. In bai yi ba, akwai mutum uku a layi.

Teburin a jiƙe yake, sai na ninke tawul na shimfiɗa, na ɗora murhun a kai, wai ni mai tsafta. Na danna, ya kama. Albasa ta fara ƙamshi, har na fara fito. Sai na ji tit-tit. Ya mutu.

Na sake kunnawa, ya yi minti ɗaya, ya sake sumewa. Na zare soket, na hura masa iska, na mayar. Na canza kasko. Na goge gilashin da rigata. Na danna kowane maɓalli har da wanda ba maɓalli ba. Daga ƙarshe na sunkuya na roƙe shi da girman iyayensa. Gumi ya cika mini ido, na hango kaina ina hawa matakalar gidanmu, mahaifiyata na kallon fuskata.

Duk wannan abin, wata dattijuwa mai wanke-wanke tana gefe tana ɗauraye kofuna, tana kallona ta wutsiyar ido.

Na ce, "Inna, don Allah, wannan abin aljanu gare shi?"

"Aljanin na tsaye a gabansa. Ɗaga shi."

Na ɗaga. Ƙasan da zafi kamar dutsen guga. Ta nuna mini wata 'yar fanka a ciki, ta ce ta nan yake numfashi, ni kuma na toshe masa hanci da tawul, in zafi ya yi masa yawa kashe kansa yake. Ta fizge tawul ɗin, ta ce sai ya huce, ba dabara.

Saura minti huɗu. Na tsaya ina yi masa fifita da murfin tukunya kamar mai jinya. Ya kama daidai lokacin da na ji takalmin Hajiya a matakala. Na fasa ƙwai, na juye, rabi ya nuna, rabi yana rawa.

Hajiya ta dubi farantin, ta tambayi abin da ya faru. Bakina ya riga ya shirya cewa murhun ne ya lalace, amma Inna tana bayana, na ji ta daina wanke kofi. Sai na faɗi gaskiya, tun daga tawul har ƙaryar cibiya.

Hajiya ta ɗanɗana, ta ajiye cokali.

"Ba gishiri. Gobe ƙarfe shida. Sati biyu kana hannun Inna, in ta ce ka iya, ka iya."

Inna ta miƙo mini soso, ta ce ai ba sai gobe ba.