Rumfa a Saman Soro

A duk faɗin gidan Malam Dabo da ke Gammo, wuri ɗaya ne intanet ke kamawa yadda ya kamata, wato saman soron ƙofar gida. Can ɗansa Mahbub ya kafa 'yar rumfar zana, ya jingina tsani, ya hau da kujerar roba da teburi. Daga azahar zuwa magariba yana sama, kwamfuta a gabansa, yana zuba Turanci da mutanen da babu wanda ya taɓa gani. Wani kamfani ne na ƙasar waje ya ɗauke shi yana duba musu fassarar Hausa da na'ura ke yi.

Wansa Ɗalhatu kuwa, hanyarsa ta shiga gida ke nan, ta ƙarƙashin wannan soro, kuma bai taɓa wucewa ba tare da wani abu ya tokare masa ƙirji ba. Ya san sunan abin sarai, furta shi ne bai taɓa yi ba. Hassada ce, ba wata ba.

To, ai ba a rasa dalili ba. Shi ne mai digiri, a fannin Turancin ma. Shi ya koya wa Mahbub baƙi da wasali a bakin wannan soron. Shekara goma yana raba takardun neman aiki kamar mai raba goron ɗaurin aure, ƙarshe dai wata makarantar kuɗi ce a Gwarzo ta ɗauke shi. Kullum da safe ya buga tsohon babur ya tafi, da rana ya dawo ya saɓa fartanya ya bi mahaifinsu gona. Ƙaninsa da ya tsaya a difiloma kuwa, yana zaune a inuwa ya sa wa gida sola, ya haƙa rijiyar burtsatse, har mutanen unguwa sun laƙaba masa Injiniya.

Abin da ya fi ci wa Ɗalhatu rai ya faru ne a bakin masallaci. Wani ya yaba wa Baba korayen dawarsa, sai tsohon ya washe baki ya ce, "Ai bana takin Mahbub muka zuba." Ɗalhatu yana tsaye a gefe, tafin hannunsa duk ya tsage saboda takin nan, don shi ya ɗauko buhunan daga kasuwa, shi ya bi kunya-kunya ya zuba. Ya sa takalminsa ya wuce gida.

A tsakiyar damina Mahbub ya fara ramewa. Tuwon da aka kai masa sama yakan sauko yadda ya hau. In aka yi masa magana sai ya zabura. Wata Laraba mahaifiyarsu Inna Uwaliya ta tare Ɗalhatu a zaure, idonta ya yi ja. Ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne.

"Babba, kai ka yi boko, zo ka warware mini. Yau na ga yaron nan, na'urar tasa a rufe, babu waya a hannunsa, amma yana ta magana shi kaɗai. Ya yi dariya, ya yi shiru, can kuma na ga ya kifa kai yana share hawaye. Da wa yake magana?"

Ɗalhatu ya san da wa. Akwai wani ɗan abin sauraro, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, da Mahbub ke cusawa a kunne, wayar kuma tana aljihu. Kalma biyar ta isa ta kwantar wa tsohuwar da hankali. Ya buɗe baki zai faɗa, sai maganar bakin masallaci ta faɗo masa.

"Allah kaɗai ya sani, Inna," ya ce.

"Innalillahi! Dama an ce tsamiyar bayan soron nan ba ita kaɗai take ba."

Ranar Talata aka ɗauko Malam Mijinyawa daga Lakwaya, mai ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, daidai lokacin da Mahbub ke tsakiyar taro da shugabanninsa. Baba ya tsaya a gindin tsani ya kira shi sau uku, a na ukun babu wasa a muryarsa. Mahbub ya sauko, ya ga tabarma a shimfiɗe da baƙon malami, ya gane.

"Baba, aiki nake yi. Yaya, don Allah gaya musu. Kai ka san aiki ne!"

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. "Ka bari a yi maka addu'a, Mahbub. Addu'a ba ta cutar da kowa."

Malam Mijinyawa ya yi karatu mai tsawo, ya tofa a ruwa, ya buɗe idon Mahbub da yatsa ya duba. Dattijo ne da ba ya ƙari a magana. Ya ce shi dai bai ji motsin kowa a jikin yaron ba, amma ya ga gajiyar da ko jakin fatake bai yi irinta ba. A raba shi da waya da na'ura kwana bakwai, kada ya taka tsanin nan, ya sha rubutu ya kwanta. Aka kulle kayan a adakar Baba, aka damƙa wa Ɗalhatu makulli.

Washegari Mahbub ya same shi yana goge babur. "Yaya, taimako ɗaya. Ka aika musu saƙo ta wayarka, ka ce ba ni da lafiya. In suka ji shiru kwana uku, sallama ce."

"Kada ka damu," in ji Ɗalhatu, ya karɓi adireshin ya sa a aljihu. A Gwarzo ya naɗe ƙosai da takardar. Gaskiya ranar ya ji daɗi, har yara a aji suka lura Malam yana ta barkwanci. Daɗin bai wuce kwana biyu ba, ya koma ba ya iya haɗa ido da kowa a gidan.

Mahbub kuwa barci ya yi, barci na fitar hankali. Kwana biyun farko salla kawai ke tashinsa. A na huɗu ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari. A na shida ya ɗauki tsohuwar fartanya ya bi Baba gona, ya dawo hannu duk ya yi kanta yana dariya.

Ran na takwas aka buɗe adaka. Mahbub ya hau sama, ya daɗe, sannan ya sauko ya tarar da Ɗalhatu a gindin ɗorawar bakin gona. Ɗalhatu ya shirya wa rigima, har ya tanadi ƙaryar da zai yi game da saƙon.

"Yaya, na ajiye aikin," in ji Mahbub, ya zauna kusa da shi. "Ba su kore ni ba, gargaɗi kawai suka yi. Ni na ce na gode. Jiya na je wajen likita a Gwarzo, ya ce ciwon damuwa ne ya fara kama ni. Wata takwas rabona da barcin kirki. Kullum ana auna ka da minti, kullum ana nuna maka wani a wata ƙasa ya fi ka sauri. Ina hango ka daga sama ka jingina da bishiyar nan kana gyangyaɗi, wallahi sai in ji kamar in yi kuka don baƙin ciki."

Ɗalhatu ya kawar da kai, Mahbub ya ci gaba.

"Na san da gangan ka ƙi aika saƙon. Kai kaɗai ka gane ba ni da lafiya. Allah ya saka da alheri." Ya ciro ɗan abin kunnen nan ya ɗora masa a tafin hannu. "Sun ce in kawo wanda zai maye gurbina, na ba da sunanka. Turancinka ya fi nawa, kai ka koya mini. Amma ka yi tunani tukuna."

Wane tunani? Abin nema ya samu. Kafin sati ya zagayo Ɗalhatu ya yi jarrabawarsu ya ci, ya yi sallama da makarantar Gwarzo, ya taka tsani.

Da kaka ta yi, sabon babur ne a zaure, kuma 'yan unguwa sun fara ce masa Injiniya. Wata yamma yana ƙarƙashin rumfa, kwanon tuwonsa na rana yana gefe a rufe, ƙeyarsa na sara, sai ya hango amalanken shanu tafe daga gona, an lafta masa dammunan dawa. Baba na gaba, Mahbub na gefe, ya yi baƙi ya murje, yana ba da wani labari har tsohon ya tsaya ya dafa kafaɗarsa don dariya. Shekara goma Ɗalhatu yana bin hanyar nan tare da Baba, bai tuna ranar da aka dafa shi haka ba.

Wani maƙwabci ya ɗaga murya, "Malam Dabo, barka da arziki!"

"Alhamdulillahi," in ji Baba. "Ai bana noman Mahbub ne."

Abin nan ya taso ya tokare wa Ɗalhatu ƙirji, daidai inda ya saba. A kunnensa wata murya ta kira sunansa, tana tambaya ko yana jin su, don shugaba ya yi raha kowa ya dara ban da shi. Ya gyara zama ya yi dariyar da ake jira.

Da ya leƙa ƙasa, Inna na tsaye a tsakar gida da faifai a hannu, ta daina sheƙar da take yi, ta zuba masa ido.