Jar Rigar da Na Aiko daga Mosko

…to, in juya in ce me? Gara in ci gaba da tsugunno a nan gaban murhu, in ba ajin baya, in yi ta tura busasshen kashin shanu kamar abin da ya kawo ni duniya ke nan. Wutar ta kama tun ɗazu, ba ta bukatar komai. Ƙarfen har ya fara ja ta gefe, gwiwoyina suna ƙuna, bayana kuwa sanyi ƙalau — amma in miƙe? Ina! Kina nan a bayana, Marjona, 'yata. Ta wajen taga kike, ina jin. Ban duba da kyau ba. Ban iya ba.

Malama Robiya tana tambayarsu abin da suka yi a hutun sanyi, kowa ya tashi ya faɗi nasa. Wani an kai shi babban birni, Dushanbe, gidan kawunsa. Wani saniyarsu ta haihu. Wani… dariya ce waccan? Ita ce mana, irin wadda ake toshe baki da hannun riga. Ni ake yi wa. Ajin nan kaf sun gani, da iyayensu maza da ke kan rufi da shebur suna kwashe ƙanƙara, kafin azahar kuma ko tsohuwar da ba ta fita ɗaki sai ta ji. Safarali ya dawo daga Rasha. Safarali ya dawo, ya zo makaranta, ya rungume 'yar wani.

Tir da kai, Safarali. Tir!

Da na ji maganar Zebo… Ko jakata ban gama saukewa daga mota ba, Zebon, uwarki, ta fito da buhun kashin shanu a kafaɗa, ta ganni, buhun ya faɗi. Kuka, dariya, Inna tana lalubar fuskata da hannuwa tana cewa na rame. Ina yarinyar? Ta tafi makaranta, yau aka koma, kuma yau layin gidanmu ne na hura wutar ajinsu, ɗakin ya kwana biyu ba wuta, sai an zauna ana ciyar da murhu har a tashi. "Zauna ka sha shayi, ga gurasa da zafinta," in ji Zebo. "In ta taso ka gan ta a gida, a tsanake." A tsanake! Ni da na kwana a jirgi ina shirya yadda zan yi? In ɓullo mata ba zato, a gaban ƙawayenta, in ɗaga ta sama, su san ita ma tana da uba ba a cikin waya kaɗai ba. Na sunkuci buhun, ko takalmi ban sake ba. Baki har kunne, sakarai.

Ga yaran a filin makaranta an jera su, ana jira hayaƙin aji ya fita. Kowane da faskarensa guda a hammata, yadda muke zuwa da shi tun zamaninmu. Kuma duk an naɗe su — wa ya ƙirƙiro wannan naɗin, don Allah? Mayafin kaka a ka, a rufe goshi, a rufe baki da hanci, a gicciya shi a ƙirji a ƙulle ta baya, ba abin da ya rage sai idanu. Ya za a yi mutum ya… a'a. A'a, kar ka fara. Nurali maƙwabcinmu daga kan rufi yana gane tasa. Kowa yana gane tasa.

Ni riga na nema, ita ce gaskiyar. Jar rigar sanyin nan mai farin gashi a wuya. Ni na saya, da hannuna, a kasuwar Mosko, ranar da aka ba mu hutu don injin siminti ya lalace. Mai sayarwar ta tambaye ni tsawonki, na sa hannu a cinyata na ce kamar nan. Kamar nan… daga ina na samo nan ɗin? Daga ranar da na tafi, lokacin da kika riƙe mini wando a bakin ƙofa, haƙoranki na gaba ko girgiza ba su fara ba. Na ƙara ɗan taƙi guda a kai don kar a ce ban san yara suna girma ba. Kika sa ta, Zebo ta riƙe waya kina juyi a tsakar ɗaki, na nuna wa duk mutanen ɗakinmu na can Mosko, har wanda yake barci sai da na tashe shi. Tun daga ranar in na rufe ido ke ce a jar riga. Kina wanka a jar riga, kina barci a jar riga, ba kya ƙaruwa, ba kya raguwa.

Sai ga ta a layi. Ja wur a cikin farin nan. Na yar da buhu, na ruga, har ina zamewa. Marjona! Marjonata! Na ɗaga sama — wai har ina mamakin rashin nauyi, ina cewa a raina Zebo ba ta ba ki abinci — na sumbaci goshi ta kan mayafi, na cusa alewar da na ɗauko tun daga filin jirgi a cikin safar hannu, ina ta surutu, kin gane ni? kin gane Baba? Sai ihu. Irin ihun da yaro ke yi in kare ya biyo shi. Ƙafafu suna dukan cikina. Mayafin ya zame… Shahlo ce, 'yar Nurali, maƙwabcinmu na bayan katanga. Ita ma ban san ta ba, sai da aka faɗa mini.

"Kai Safarali!" Nurali ne daga kan rufi, da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ka kawo kuɗin ka baro idanun a can? In kana so ɗauke ta, wallahi na yafe, amma cinta ya fi na ɗan maraƙi!" Dariya har shebur ɗin wani ya gangaro ƙasa. Ba da mugunta ba, na sani. Da ni ne a sama da na faɗi wadda ta fi wannan. Ni ma na yi dariyar. Na yi! Na ce ai wasa nake, gwada ta nake… Wasa. Wa zai yarda? Hawaye a gemuna, wai wasa.

Kuma kina tsaye. Nan kusa, da na miƙa hannu da na taɓa ki. Wata doguwa a baƙar rigar maza — ta ɗan wana ce, na gane facin gwiwar hannun, ka ji, rigar na gane — faskare a hammata, idanu kawai. Ba ki yi dariya ba. Ba ki yi kuka ba. Da kin yi kukan ma da na san abin yi. Malama ce ta dafa kafaɗarki ta ce, "Ga taka nan, Malam Safarali." Ga taka nan, kamar mai nuna wa mutum akuyarsa a garke. Na buɗe hannu… hannun da yanzu ya sauke wata. Aka kaɗa ƙararrawa. Kika bi layi, kika ajiye itacenki a bakin ƙofa, kika shige.

Zebo, ke ma dai! Ba sai ki ce mini kin bayar da rigar ba? Ki ce ta yi mata kaɗan, hannuwa sun fito, na ba matar Nurali, mene ne a ciki? Haka ake yi, riga tana zaga unguwa har ta mutu, ni kaina a wandon wa na girma? Kalma ɗaya tak… Ko ta faɗa? Tsaya. Akwai wani kira, na dawo daga aiki yatsuna ba sa lanƙwasuwa, na jingina wayar a butar shayi, tana ta magana, kwanon rufi, maganin Inna, wani abu wani abu ya matse ta… ina cewa to, to, madalla. Ta faɗa. Wallahi ta faɗa. Ni ne nake gyangyaɗi.

Waya ba ta nuna tsawo, abin da ba wanda ya gaya mini ke nan. Fuska kawai, ita ma rabi, tana tsayawa tana tafiya. Gaishe da Baba. Ina wuni Baba. Ya karatu? Lafiya lau. Me kike so in aiko miki? Ba komai. Sai ki zille, in ga silin. Ni kuma in ce alhamdu lillahi, na yi hira da 'yata… hira! Aji nawa ma kike? Da na shigo da buhun nan sai da na bi bayan Malama, don da an bar ni ni kaɗai ƙofar 'yan aji biyu zan tura.

Wannan ƙarar takardar fa? Shahlo ce take ɓare alewar a ƙarƙashin tebur. Alewarki. Har ƙamshinta ina ji. In je in ce ba ni, kuskure ne? Sha abinki, yarinya, kin biya da tsoro. Aljihuna ba ko ɗaya, duka na juye mata, ni mai abin hannu.

To don wa na tafi? A tambaye ni mana, wani ya tambaye ni! Kwanon da ke kanku wa ya sa? Takalmin ƙafarki? Da na zauna a nan da me za a… In na fito daga Rasha kafin takarduna su daidaita ba za su bar ni in koma ba, kowa ya san haka, rabin iyayen ajin nan suna can. Ba ni kaɗai ba ne. Ba ni kaɗai… amma su ba su rungumi 'yar maƙwabci a gaban tasu ba. Kuma zan koma, wannan ban gaya wa kowa ba tukuna. Da ƙanƙarar hanya ta narke zan koma. In sake sa hannu a jikina a wata kasuwa in ce kamar nan.

Ƙafata ta mutu. Hayaƙi ne yake sa ni hawaye, duk wanda ya leƙo ya san hayaƙi ne.

Malama ta rufe littafi. Ta tafa hannu sau biyu… wayyo, har yanzu ana yin wannan? A ɗakin nan, a gaban murhun nan, Babana ya taɓa tsugunnawa da hularsa ta fatar tunkiya, malaminmu ya tafa hannu ya tambaya, na zabura na miƙe har benci ya kife, ƙirji a gaba, nawa ne! nawa ne! aji duka suka yi masa godiya da baki ɗaya, ranar ko sanyi ban ji ba a hanyar gida. Kar ki tambaya, Malama. Don girman Allah ki tsallake yau, ki ce a buɗe lissafi…

"To, 'yan aji uku, kun ji ɗumi? Baban wa ya hura mana wuta yau? Mai shi ta tashi mu gode masa."

Na kasa kunne.

Bututun hayaƙi yana ƙas-ƙas. A kan rufi shebur yana kankara. Ba benci da ya motsa. Tashi mana, 'yata… ko kar ki tashi, ban cancanta ba, zauna abinki… a'a tashi, ko don idon mutane, ko a hankali, ba sai kin ce komai ba. In sa wani kashin? Ba wuri, murhun ya cika. Na mayar da murfin.

"Marjona?"

Benci ya ja, kaɗan.

"Baƙonmu ne, Malama. Yau ya sauka a gidanmu."

Da ladabi, ba tsiwa, ba gatse, yadda aka koya mata a yi wa baƙo. Muryar ta fi ta waya kauri, ba ta tsinkewa… ashe haka take. Suna ta rera godiyar, mun gode, mun gode, Allah ya saka, ya kamata in juya in dafa ƙirji in amsa. In juya in ce a'a, ba baƙo ba ne, ni ne… ni ne wa? Ƙarya ta yi? Yau na sauka. Kuma zan tashi.

Bari dai in ɗan ƙara zama a nan. Gwiwar ta ƙi.